Katin Magaji Malam

Na gode wa Allah da ya bar ni da raina, amma don girmansa kada wanda ya sake zuwa min da wa'azin haƙuri. Na sha shi har ya ginshe ni. Na zauna rubuta wannan ne saboda masu aikin ƙarfi irina, musamman 'yan'uwana na kamfanonin fasa dutse da ke tsakanin Kazaure da Roni, don kada abin da ya ci ƙafata ya ci ta wani. Dutse karya ta kawai ya yi. Abin da ya cinye ta katin asibiti ne.

Sunana Idrisu Haruna. Ku riƙe sunan nan da kyau, don a kansa aka yi duk rigimar. A gida Magaji ake ce min, saboda sunan kakana na wajen uba na ci, kuma ni ne ɗan fari. Mahaifiyata, Inna, Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Roni, kuma kafin wannan jinyar, shekarata talatin da takwas a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko Magajin ma sai ta kama dole. "Kai" take ce min, in da wani take magana kuma ta ce "wancan". In ta sauke tuwo sai ta ce wa ƙannena, "Ku kai wa mutumin." Mahaifinmu kuwa "Malam" ne a bakinta har ya koma ga Allah. Kowa ya san alkunyar ɗan fari, ni ma da ita na tashi, ban taɓa ganin aibinta ba sai da na kwanta.

Shekara bakwai na yi a bakin injin niƙa dutse. Wata Talata da hantsi, motar lodi ta ɗaga bokitinta ta wuce ta gefena, wani ƙaton dutse ya suɓuto ya sauka a ƙwaurina na hagu. Ban ji zafi ba da farko, ƙara kawai na ji, irin ta busasshen itace in an taka shi. Da na duba na ga farin ƙashi ya leƙo ta cikin wando, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Abokan aikina suka ɗora ni a bayan motar kamfani zuwa asibiti a Kazaure. Matata Rabi tana Babura wajen iyayenta wankan jego, saboda haka Inna aka ɗauko daga Roni a kan babur. Tana isowa aka bugo wa abokan aikin nawa waya cewa inji ba zai tsaya saboda mutum ɗaya ba, su koma. Suka koma. Aka bar tsohuwa ita kaɗai aka ce ta je ta yanko kati.

Mai yankar katin da bakinsa ya ba ni labarin daga baya, har yana dariya, ɗan rainin hankali. Ya ce mata, "Baba, sunan mara lafiya?" Ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta sunkuyar da kai. Mutanen da ke bayanta a layi suka fara tsaki. Da ya daka mata tsawa sai ta ce a hankali, "Magaji."

"Sunan uba?"

"Malam."

Shi kuma da yake kansa ba ya aiki sai biro, ya rubuta Magaji Malam. Ya tambaye ta shekaruna ta ce Allah ne masani, ya dubi tsufanta ya rubuta hamsin. Bahaushe ne fa, a garin nan aka haife shi, ya san sarai abin da ya hana tsohuwar nan magana. Da ya ce mata, "Akwai katin aikinsa?" da an gama, don yana cikin aljihun wandon da aka yanke min.

Satin farko ban san an yi wannan ɓarna ba. Nas ta shigo ta ce, "Magaji?" in ce na'am. To me zan ce? Aka wanke ciwon, aka ɗinke abin da zai ɗinku, aka ɗaure ƙafar. Likitan, wani matashi mai yawan sauri amma mai gaskiya, ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna min ya ce ya farfashe, sai an yi aiki a babban asibitin ƙashi a Kano an sa ƙarfe. Ya faɗi kuɗin, na lissafa na ga ya fi albashina na shekara. Sannan ya faɗi kalmar da har gobe tana kaina. Ya ce, "Abin da nake tsoro infekshan, wato ruɓewar ciwo. In ya shiga ƙashi, ba maganar ƙarfe za a yi ba. Kada ka wuce wata guda."

Rana ta uku Manajan kamfaninmu ya zo dubiya da katan ɗin lemo. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Magaji, sannu. Kada ka damu da komai." Ya biya maganin kwanakin farko, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce kamfani yana zuba kuɗi a asusun biyan diyyar ma'aikata, saboda haka aikin Kano asusun ne zai biya, ni dai in cike fom in haɗa da rahoton likita a kai ofishin asusun a garin Dutse. Har addu'a na yi masa. In na tuna wannan addu'ar sai in ji kamar in mari kaina.

Inna ce ta yi jinyata. Tabarma ta shimfiɗa a baranda, da an buɗe ƙofa tana bakin gadona. Ita ke dama min fura, ita ke wanke zanin gado, ita ke korar ƙuda daga ƙafar da gefen mayafinta, duk ba tare da ta kalli fuskata ba. In zafi ya taso ina nishi sai in ji ta ce wa bango, "A yi ta salati." Abin da ya shafi fitsari da bayan gida kuwa Kawu Sale ne, ƙanin mahaifina ne amma haka muke kiransa, tsohon masinjan ƙaramar hukuma. Shi ya ɗauki zirga-zirgar takardu, don ya ce babu ofishin da bai san ƙofar bayansa ba.

Rahoton likita kwana tara ya ci. Likita ya rubuta a rana ɗaya, amma mai bugawa ba wuta, da wuta ta zo ba takarda, da aka buga mai hatimi ya tafi ɗaurin aure. Kawu ya karɓo shi a ambulan a liƙe, ya rungume shi har Dutse bai buɗe ba. Da yamma ya dawo ya zauna a bakin gadona ya cire hula.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya ce, "Wai ba kai ba ne."

"Ban gane ba."

"Jami'in ya ajiye katin aikinka nan, ya ajiye rahoto nan. Ya ce ma'aikacin da suka sani Idrisu Haruna ne, wanda ya karye kuma wani dattijo ne Magaji Malam ɗan shekara hamsin. Har ya ce in yi hankali, irin wannan ake kira damfara."

Damfara! Ina kwance ƙashi a waje, ni ne ɗan damfara. Kawu ya ce ya yi masa bayanin alkunya, mutumin ya ce shi ma ɗan fari ne, ya fahimta sarai, amma fayil ba ya fahimta. Ya ce a kawo ɗaya daga cikin biyu: ko wasiƙar kamfani cewa Magaji da Idrisu mutum ɗaya ne, ko asibiti ta gyara sunan.

Muka ce wannan mai sauƙi ne. Sati na uku Kawu ya tafi wajen Manaja. Ya je Litinin aka ce yana taro, ya je Talata aka ce ya tafi Kano. Ranar Alhamis ya tare shi a bakin mota, ya kira ni a waya ya miƙa masa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, layi biyu kawai za ka rubuta."

Ya ce, "Ka san aikin ofis. A littafinmu babu wani Magaji Malam. Ba zan sa hannu a kan sunan da ban sani ba."

Na ce, "Yallaɓai, shekara bakwai da wane suna kake kirana? Ranar da ka zo da lemo me ka ce min?"

Sai ya ce, "Wannan na baki ne, Magaji."

Kun ji fa! A cikin maganar da yake musun sunan, da shi ya kira ni. Daga baya wani abokin aikina ya tsegunta min dalili: ashe kamfanin bai ma kai rahoton hatsarin ba kamar yadda doka ta ɗora musu, kuma direban da ya sako min dutse ba shi da takardar tuƙa wannan mota. Kuskuren sunan nan daɗi ya yi musu. Washegari ya aiko akawunsa da ambulan da wata takarda, wai in dangwala cewa an sallame ni, babu sauran magana. Kuɗin ciki ko rabin aikin Kano bai kai ba. Na ce wa akawun ya ɗauki tsiyarsa ya fita kafin in rarumi sandar mutumin gado na kusa. Allah ya isa tsakanina da Manaja, kuma ban ce a sassauta masa ba.

A satin ne masu shawara suka yi min caa. Wani ya ce a sace ni daga asibiti a kai ni wajen mai ɗori, wai kwana arba'in zan taka. Wata gwaggona ta zo da wani baƙin mai a kwalba ta ce a ɗiga a ciwon, nas ta kama ta ta kore ta. Surukina ya aiko daga Babura cewa a sayar da gonar gado, gonar da mu bakwai ne a kanta, uku ba sa ga-maciji da juna. Kowa da bakinsa, babu mai aljihu. A satin ne kuma na fara jin wari. Da farko na ɗauka mutumin gado na kusa ne, har ina jin haushinsa, sai na lura ƙudan duk wajena suke zuwa. Zazzaɓi ya fara zuwa kullum bayan la'asar, yana kaɗa ni har gadon na ƙara.

Saura hanya ta biyu, asibiti. Kawu ya tura ni a keken marasa lafiya har ofishin fayil. Nan na ga mai katin ido da ido, nan ya ba ni labarin yana dariya. Na ce, "To ga ni, ga katin aikina, ga hotona. Goge ka gyara."

Ya ce, "Ba a goge fayil, Malam. Sai da takardar rantsuwa daga kotu."

Kawu ya ruga kotu ya yi rantsuwa da kansa, ya kawo takardar. Shugaban ofishin ya juya ta gaba da baya ya ce, "A kati an rubuta mahaifiya ce ta kawo shi. Wanda ya ba da suna shi zai warware. Ita za ta rantse, ta faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa."

Nan ne muka yi namu laifin, kuma ba zan rufe shi ba. Kwana takwas cur babu wanda ya iya tunkarar Inna da maganar. Kawu ya ce shi ba zai iya ce wa matar wansa ta ambaci sunan mijinta da na surukinta ba, da wane ido zai kalle ta? Ƙannena suka ce su ba su isa ba. Aka aika a kira yayarta daga ruga, aka ce sun yi gaba da shanu. Kawu ya koma yana neman wanda zai sa baki a ofishin fayil, yana sayen goro yana rabawa. Ni kuma ina kwance ina ruɓewa, kowa yana kare kunyar kowa. Inna kuwa ba ta san komai ba, don duk maganar a bayan idonta ake yi.

Ranar da wata guda ya cika har da kwana huɗu, likita ya buɗe ciwon ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Har yanzu kuna nan?" Ya wuce gado na gaba. Yana fita Inna ta matso da kwanon fura ta ajiye, ta ce wa iska, "A sha tun da sanyinta."

Wallahi ban san lokacin da na hankaɗe kwanon ba. Na ce, "Ba zan sha ba! Inna, kin san abin da kika yi min? Sunana aka tambaye ki! Sunan da aka yanka rago aka raɗa min! Kika kasa faɗa, kika ba su sunan da babu shi a duniya. Ƙafata za a yanke saboda kunyarki. Ki jiƙa kunyar ki sha!"

A gaban maza goma sha biyu na faɗa wa mahaifiyata haka. Wani tsoho da ke gadon ƙarshe ya ce, "Subhanallahi, yaro." Inna ta durƙusa ta ɗauki kwanon, ta goge furar da ta zube a ƙasa da tsumma, ta fita. Na ji ta a baranda tana tambayar Kawu, "Me ake so a faɗa, kuma a gaban wa?"

Washegari da safe Kawu ya zo da magatakardar kotu, wani dattijo da suka yi aiki tare a da. Ya yarda ya tako har asibiti saboda ni ma ana son dangwalena, kuma ko kuɗin babur bai karɓa ba. Allah ya saka masa da alheri, shi da nas ɗin da ke wanke min ciwo ba ta taɓa toshe hanci ba. Aka kira shugaban ofishin fayil ya tsaya shaida. Magatakarda ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, doka ce. In kina so a fitar da mutane."

Ta ce, "A bar su. A gabansu aka tambaya."

Ya ce, "Wannan da ke kwance, wane ne shi a wajenki?"

"Ni na haife shi."

"Mene ne sunansa na yanka?"

Tana tsaye a ƙarshen gadon, ta kama ƙarfen da hannu biyu. Na ga leɓenta yana motsi babu sauti. Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Ta ce, "Idrisu."

Magatakarda ya ce, "Ɗan wa?"

"Idrisu ɗan Haruna." Muryarta ta fashe a kan na biyun. Ta sake cewa, ba wanda ya tambaye ta, "Idrisu ne. Ku rubuta da kyau."

Ashe haka sunana yake a bakinta, da ɗan jan harshe irin na Fulani. Na ja zanin gado na rufe fuskata, na yi kukan da ban yi ba ranar da dutse ya sauka. Ta dangwala, ta gyara mayafinta, ta fita baranda. Ranar ba ta ƙara shigowa ba sai da aka yi magariba.

Da a ce duniya da adalci, da a nan zan ce muku an yi aiki na warke. Ina! Asibiti ta sake buga rahoto, kwana biyar. Kawu ya kai Dutse, aka karɓa, aka ce sai an tuntuɓi kamfani. Kamfani ya yi ta jan ƙafa sai da aka rubuta musu wasiƙa mai zafi, sannan Manaja ya tuna cewa ya san ni. Takardar amincewa ta fito a sati na bakwai. A sati na takwas aka kai ni Kano. Babban likitan ya duba sabon hoto, ya dubi tsohon, ya ce, "Ina kuka tsaya?" Kawu ya fara ba shi labarin kati, ya ɗaga masa hannu. Ya ce infekshan ya cinye ƙashin, in aka ƙara jira ba ƙafa kaɗai zai ɗauka ba. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa ranar wata Laraba.

Asusun ya biya kuɗin aikin, gaskiya ne, kuma bayan watanni aka fara ba ni diyya, an kuma yi min alkawarin ƙafar roba da har yanzu nake jira. Mutane suna ce min, "Ai ka gode Allah, wasu ko sisi ba sa samu." Na gode masa. Amma kuɗin da aka biya aka yanke ƙafar, da shi za a gyara ta da an biya a kan lokaci, kuma duk wanda ya riƙe takardata ya kwana da ita a aljihun teburinsa yana da kaso a cikin abin da aka binne.

Saboda haka ku ji da kyau. In ɗan'uwanku ya ji rauni a wajen aiki, kada ku bar uwa ko mata ita kaɗai a tagar kati. Ku lalubo katin aikinsa ku miƙa, ku tsaya a rubuta a gabanku, ku sa a karanta muku. Ku tambayi kamfani tun ranar farko ko sun kai rahoton hatsarin, kada lemo ya rufe muku baki. Kada ku dangwala komai kuna kwance. In kuma akwai maganar da ta yi nauyi a gida, ku faɗe ta da wuri cikin ladabi, kada ku bari sai zafi ya faɗe ta da bakinku kamar yadda ya yi da nawa.

Na nemi gafarar Inna bayan mun dawo Roni. Na rarrafa har ƙofar ɗakinta na ce ta yafe min. Ta ce wa Rabi, da ke tsaye da jaririya a kafaɗa, "Ki ce wa mutumin nan ya tashi daga ƙasa, akwai sanyi." Shi ke nan abin da na samu, kuma ba ta sake faɗar sunan ba har yau.

Watan jiya ta raka ni Kazaure a duba dungun. Muka isa tagar kati, ina kan sanduna, ina laluben aljihu. Mai katin nan dai shi ne, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Suna?" Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni. Ta kwance ƙullin da ke gefen zaninta, inda take ajiye kuɗin goro, ta fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi saboda ninki. Ashe tun ranar rantsuwa ta sa magatakarda ya rubuta mata, take yawo da ita duk inda za ta. Ba ta iya karatu ba, a juye ma ta miƙa. Ta tura ta cikin tagar, ta danne gefenta da yatsa, ba ta ɗaga ba sai da ya gama kwafewa.